Doki Ɗari da Hamsin a Bayan Jirgin Nemesio

Nemesio Barrios mutum ne da idan ka gan shi a tudu sai ka tausaya masa. Gajere ne mai gwamen ƙafa, yana tafiya a kan rairayi kamar agwagwar da aka kora daga gidan biki. Amma bari ya hau jirginsa, ya tsaya a bayan akwatin sitiyarin da ke tsakiya, ya karkata hularsa: nan take sai ka rantse ya ƙara tsawo da kamu guda.

Shekararsa sittin da bakwai, kuma duk a ruwa ya cinye su. Ya fara da tuƙa wa ubansa kwalekwale, ya koma jefa taru, ya yi nutson kamun ƙaguwa har kunnensa na dama ya toshe, sannan ya koma jigilar baƙi masu zuwa shan iska a tsibirai. Jirgin nasa na faiba ne, ƙafa ashirin da uku, ya saye shi na hannu a Tolú, garin da ke tsallaken tekun, shekara ashirin da shida da suka wuce, da injinsa mai ƙarfin doki arba'in rataye a baya. Ya rubuta masa suna a gefe da jan fenti, Dioselina ta Biyu. In baƙo ya tambaye shi ina ta farkon, sai ya nuna gidansa da haɓa ya ce, "Ga ta can tana soya kifi. Ita ba ta shan fetur, amma ta fi wannan ƙara."

A tsibirin nan duk watan Yuli, kafin bikin Carmen da jirage ke jerin gwano su zagaye tsibiri a bayan jirgin da ya ɗauko mutum-mutumin Budurwa Maryamu, kowane mai jirgi sai ya yi fenti. Abin kunya ne namiji ya shiga jeri da jirgi mai ƙazuwa. Wasu sukan kankare tsohon kafin su shafa sabo. Nemesio bai taɓa yi ba. Cewa yake kankara ɓarna ce, wa ke tuɓe wa mutum riga don zai ƙara masa wata? Shekara ashirin da shida yana ɗora fari a kan fari, har bangon bayan jirgin, inda inji ke rataye, ya yi sumul kamar farantin tangaran. Duk tsagewar da ta leƙo, fenti ya rufe mata baki. Shi da maƙwabtansa duka sun yarda babu jirgi mai lafiya irin nasa, domin ai ido ba ya ƙarya.

Sai ƙodar matarsa Dioselina ta gaza.

Tun daga nan rayuwarsu ta koma Litinin, Laraba da Juma'a. Su tashi da sassafe, awa biyu a ruwa zuwa Tolú, awa guda a mota zuwa Sincelejo, awa huɗu tana kwance na'ura na wanke mata jini, sannan su juyo. Zuwan da sauƙi. Dawowar ce masifa, domin takan fito daga wankin ƙodar kamar tsumman da aka matse, ga rana, ga gishirin ruwa, ga tsohon inji yana tari. Bara da iskar Disamba ta taso, wadda ba ta kwantawa sai Afrilu, sau biyu suka kasa tsallakawa. Ƙafafunta suka kumbura har silifa ta ƙi shiga, ta kwana uku tana numfashi a zaune.

'Yarsu Yarleidis, wadda ke aiki a wani kantin magani a Sincelejo, ta zo a watan Oktoba ta zaunar da shi a ƙarƙashin rumfa.

"Papi, ina da ɗaki a bayan gida. Minti goma ne zuwa asibiti. Kafin iska ta taso zan ɗauke Mami."

"Ki ɗauke ta ki kai ina? Buhun shinkafa ce?"

"Papi, awa biyu a cikin wancan bahon wankan naka..."

"Baho? A bahon nan aka kai uwarki haihuwarki, mija, 'yata, ba ki yi ƙorafi ba."

"Ina ciki, ta ina zan yi ƙorafi?"

Dioselina tana kan kujerarta mai lilo tana jin su. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa kwana ƙarƙashin wani rufi ba in ba nasa ba, ban da kwanakin asibiti. Ta ce, "Ni dai ba na son birni. Zakarunsu ma ba su san lokaci ba." Amma a hankali ta faɗa, ba ta kalli kowa ba.

Nemesio ya bugi ƙirji ya ce a ba shi zuwa farkon Disamba. Zai mayar da awa biyu ta koma ƙasa da awa guda, su je su dawo kafin iskar yamma ta gama ɗaura ɗamara. Yarleidis ta ce ta ji, za ta zo ta gani da idonta. In ba haka ba, babu sauran magana.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Nemesio yana da 'yar gonar kwakwa da ubansa ya bar masa a bayan tsibiri, wadda wani mai masaukin baƙi ya daɗe yana zawarci. Mutumin kuma yana da inji na hannu mai doki ɗari da hamsin. Aka yi musaya, ƙasa ta tafi, inji ya zo. Ranar da aka sauke shi a bakin ruwa, baƙi wuluk, ya kusa kai Nemesio tsawo, mutanen gari suka kewaye shi kamar an kawo amarya daga wata ƙasa.

Aka kira Hermógenes, makanikin tsibiri, wanda kowa ke kira Maestro, wato gwani. Ƙato ne mai tumbi, ba ya gaggawa ko gidansa ke cin wuta, kuma shi ne uban baftismar Yarleidis, don haka tsakaninsa da Nemesio sai "compa", kiran da uban yaro da uban baftismarsa ke yi wa juna. Ya zo ya dubi injin, ya jinjina kai. Sannan ya wuce bayan jirgin, ya juya sifana ya ƙwanƙwasa bangon da gindinta. A gefe ta ce ƙwas. Ya matsa tsakiya, ta ce bum. Ya ƙara, ta ƙara cewa bum.

"Compa, kankana ka ajiye a nan? Ta nuna."

"Kunnenka ne. Dubi yadda yake sheƙi."

"Akwatin gawa ma sheƙi yake."

Ya ɗauko abin huda ya yi ɗan rami ƙasa da inda notin tsohon inji yake. Maimakon farin garin katako, sai wani baƙin abu mai danshi ya biyo ƙarfen, kamar dusar kofi da aka gama dafawa, ruwa mai wari na bin sa. Bangon nan faiba ce ciki da waje, katako a tsakiya, katakon kuwa ya daɗe da komawa ga Mahaliccinsa.

Maestro ya goge hannu a wando ya ce, "Doki arba'in ma don suna jin kunyarka ne ba su tafi da shi ba. Wannan ya ninka wancan nauyi. Sai an yanke fatar, a ƙwaƙule ruɓar, a bar shi ya bushe, a sa sabon katako, a naɗe. Tankin mai ma sai an matsar da shi gaba. Sati uku, in rana ta yi mana kirki."

"Sati uku? Wanki tara ke nan! Wa zai kai ta?"

Babu mai kai ta kuwa. Sauran jiragen gari ƙanana ne na masu kamun kifi, mutum zai ba ka yini ɗaya don zumunci, ba zai ba ka tara ba, iyalinsa me za su ci? Jirgin fasinja kuma sau biyu yake zuwa a sati, kuma ba ya jiran mai ciwo. Jirgin Nemesio bai da hutun da ya wuce daga yammar Juma'a zuwa safiyar Litinin.

"Ka ɗaura mini shi haka nan, compa. Bayan iska ta wuce ma gyara."

"Ba da hannuna ba."

"Don girman Allah, Hermógenes. Za su tafi da ita."

Maestro ya sunkuya ya ɗauki sifanarsa. Ya ce, "Gara su tafi da ita a mota da a ce teku ce ta tafi da ita." Ya kwashe kayansa ya tafi.

Nemesio ya tsaya shi kaɗai da ramin nan. Ya tura ɗan yatsa ya taɓa, ya janye da sauri kamar ya taɓa gyambon wani. Sannan ya yi abin da hannunsa ya saba: ya cusa ƙullin gam ya toshe, ya jira ya bushe, ya ɗauko gwangwanin farin fenti. Da ya gama, ko shi kansa sai da ya laluba kafin ya gane wurin. Zuciyarsa ta ɗan kwanta.

Ranar Asabar ta ƙarshen Nuwamba ya tara maza shida da alkawarin miyar kifi da shinkafar kwakwa. Aka jawo jirgin ƙarƙashin babbar bishiyar bakin ruwa, aka jefa igiya a reshe, aka ɗaga injin ana "a hankali, a hankali, ƙafarka!" Ya samo wani faifan ƙarfe daga tsohuwar ƙofar firji ya sa ta ciki don noti su sami abin kamawa. Da yana ɗaure su sai ya ji bangon yana lotsawa a ƙarƙashin sifana kamar burodi. Ya daina ɗaurewa a daidai nan, ya ce wa mutane ya yi.

Da aka tura jirgin ruwa, sai ya zauna da gindi kamar kare mai roƙon ƙashi, hancinsa a sama. Ramukan nan biyu na baya da aka yi don ruwa ya riƙa fita, suka nutse, ruwa ya fara shigowa ta cikinsu yana lasar ƙafar Nemesio. Wani daga cikin mazan ya ce, "Dattijo Nemesio, jirginka ya koyi shan ruwa ta baya." Aka yi dariya, shi ma ya yi, haƙora kawai. Ya toshe ramukan da ɓawon kwakwa da roba, ya cika buhunan shinkafa huɗu da yashi ya jibge a hancin jirgin. Hanci ya sauko, gindi ya ɗan ɗago. Kowa ya ce ai shi ke nan, ilimi ba sai a makaranta ba.

Lahadi da safe, teku kwance kamar tabarma, ya fita gwaji. Ya tura hannun mai, jirgin ya yi wani gurnani ya miƙe a kan ruwa. Hularsa ta tafi, bai ko waiwaya ba. Hawaye na gudu zuwa kunnuwansa, shi kansa bai san na iska ne ko na wani abu ba. Ya zagaye tsibirin kafin matan da ke wanke kifi su gama kwando ɗaya. Mutane na tafi a bakin ruwa. Maestro na tsaye can gefe, hannuwansa a kan tumbi.

Da yamma Yarleidis ta iso a jirgin fasinja. Litinin da sassafe suka tashi su uku, Dioselina a bencin da ke bayan sitiyari inda ta saba zama, an naɗe ta da tawul. Minti arba'in da takwas suka ɗaure a gadar Tolú. Yarleidis ta duba agogonta sau biyu. Dioselina ta gyara ɗankwalinta da iska ta karkatar ta ce, "Tsoho, ashe Tolú a bayan gida take? Shekara ashirin da shida kana ɓoye mana."

Nemesio bai bi su Sincelejo ba. Ya zauna a gada yana shan kofi, yana ba duk wanda ya tsaya labarin minti arba'in da takwas. Sau uku yana sauka ya shafa bangon baya. Sumul.

Ƙarfe biyu da rabi suka dawo. Dioselina ta fito daga mota a jingine da 'yarta, leɓɓanta sun yi fari, hannunta na hagu, inda ake soka alluran, naɗe da bandeji. A lokacin kuwa tutocin gada sun fara kaɗawa. Iskar ba ta jira Disamba ta shiga sosai ba.

Da suka bar bakin gaɓa ya ba inji wuta. Abin da bai lissafa ba shi ne, tsohon inji hawa igiyar ruwa yake ya sauka kamar jaki, wannan kuwa tsalle yake daga kan wata ya faɗa kan wata. Jirgin ya tashi, ya faɗo, tim. Ya tashi, ya faɗo. Duk faɗowa sai ya ga kan Dioselina ya girgiza kamar ba a ɗaure yake da wuya ba. Ta rungume hannun hagun da na dama, ta cije leɓe. Sai ya ga ja ya fara ɓullowa a bandejin.

"Papi, rage! Rage!"

Ya janye hannun mai gaba ɗaya, a firgice. Jirgin ya dafe, ruwan da ke bin su a baya ya cim musu, ya haura bangon da nauyin inji ya riga ya dannar, ya zubo ciki har idon sawu. Wata igiyar ta biyo. Ya san in ya tsaya a haka ta uku za ta cika su. Ya sake tura mai da ƙarfi don gindin ya ɗago.

Da kunnensa mai lafiya ya ji ƙarar. Ba babba ba ce, kamar an taka busasshen ɓawon kwakwa. Ya waiwaya. Farin fentin nan ya tsage daga wannan kusurwa zuwa waccan, baƙin ruwa na tsiyaya daga tsagar, injin kuma yana sunkuyawa baya yana ɗagowa kamar mai gyangyaɗi a coci.

Yarleidis ma ta gani. Ta dube shi. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ya rage wuta zuwa mafi ƙanƙanta. Ya fizgo igiyar anga, ya zarga ta a wuyan injin, ya zagayo da ita gindin akwatin sitiyari, ya ɗaure, ya ƙara zagayowa, amma ƙullin da ya iya tun yana ɗan shekara bakwai sai da ya yi shi sau biyu. Ya miƙa wa Yarleidis yankakken galan. "Kwalfe, mija. Kar ki tsaya." Gindin dai bai daina shan ruwa ba. Babu sauran abin da za a matsar gaba sai mutum.

"Diose," ya ce. "Sai kin koma gaba."

Ya ɗauke ta cak. Rabonsa da ɗaukarta tun suna da ƙuruciya, ya tsorata da rashin nauyinta. Ya kwantar da ita a kan jiƙaƙƙun buhunan yashi, inda feshin ruwa ya fi dukan mutum, ya lulluɓe ta da ledar rufe kaya. Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ka yi asara, tsoho. Ko rabin buhu ban kai ba."

Haka suka riƙa rarrafe, doki ɗari da hamsin suna tafiyar kunkuru. Duk igiyar da ta ɗaga su, Nemesio sai ya dafa injin da hannu ɗaya kamar hannunsa zai hana shi tafiya. Ya roƙi Budurwa Maryamu, ya roƙi ubansa, ya roƙi bangon kansa. Yarleidis na kwalfa tana kuka tana kwalfa. Awa uku suka yi a haka kafin bishiyoyin tsibiri su fito sosai.

Can sai ga wani ɗan jirgi yana tahowa yana tsalle, ƙato a cikinsa ya cika shi dam. Maestro ne da injinsa mai doki goma sha biyar. Tun ƙarfe huɗu yake tsaye a bakin ruwa. Ya matso ya jefo igiya, bai dubi bangon ba, bai ce ai na faɗa maka ba. Cewa kawai ya yi, "Kashe shi, compa, kar farfela ta gama aikin." Haka aka shigo da su gari rana na shirin faɗuwa, ƙaramin na jan babban, mutanen da suka yi tafi jiya suna tsaye shiru, wasu sun shiga ruwa har ƙugu don su karɓi Dioselina.

Washegari Talata jirgin fasinja ke zuwa. Ba wanda ya ce wa Nemesio komai. Shi da kansa ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Ya sa rigunanta, ya sa magungunanta, ya sa ƙaramin kofin da take auna ruwan shanta da shi, ya sa silifa ƙafa ɗaya ya yi ta neman ɗayar. Yarleidis ta tsaya a bakin ƙofa.

"Papi, ban ce..."

"Ni na ce. Ki riƙa sa mata matashi biyu. Kuma in ta ce miki ba ta jin ciwo, ƙarya take."

A kan gada Dioselina ta zauna a kan akwatin tana jiran a gama lodin kwandunan kifi. Daga nan ana hango jirgin nasa a ƙarƙashin bishiya, an riga an sauke injin an jingine shi a kan tayoyi, Maestro na zagaya bangon da alli yana zana inda za a yanka.

"Sati uku ne kawai," in ji Nemesio.

"Iska sai Afrilu, tsoho."

"To, Afrilu."

Ta kama gefen rigarsa, ta gyara masa maɓallin da ya sa a ramin da ba nasa ba. "Ɗakin yarinyar nan zai ɗauki mutum biyu. Na tambaye ta. Kai ba ka da tsawo, ba za ka ci wuri ba."

Ya dubi jirgin fasinjan, ya dubi nasa.

"In na bi ki, wa zai gyara abin da zai dawo da ke?"

Direban jirgin ya buga gefen jirgi da tafin hannu, ya ce masu tafiya su shigo. Yarleidis da wani fasinja suka kama ta suka saukar da ita, aka ba ta wuri a baya inda babu jijjiga. Da ta zauna sai ta ɗago kai.

"To ka yi sauri," ta ce. "Amma ba irin na jiya ba."

Jirgin ya ja baya, ya juya hanci wajen Tolú. Nemesio ya tsaya a ƙarshen gada har farin kumfar bayansa ya ɓace a cikin igiyoyi. Daga ƙarƙashin bishiya Maestro ya ƙwala masa kira, ya ce in ya gama kallon ruwa ya zo ya riƙe masa wannan gefen.